Ruwan kalk a tankin murjani: wane gari za a saya, yaya ake dama shi?

Sadiq Kano: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Tankina na ruwan gishiri wata takwas ke nan da kafa shi, lita 200 ne idan aka haɗa da ƙaramin tankin da ke ƙasa. Da farko murjani masu laushi kawai na sa, canjin ruwa duk sati biyu yana wadatar da su. Wata biyu da suka wuce na ƙaro masu ƙashi, Montipora biyu da Euphyllia ɗaya, tun daga nan KH (ma'aunin kabonet ɗin da ke cikin ruwa, wanda murjani ke haɗawa da kalshiyam ya gina ƙashi) ya ƙi zama wuri ɗaya. Ranar Juma'a na auna 8.4, yau Litinin ya sauko 6.6. Kalshiyam 390, pH (ma'aunin tsamin ruwa, yana sauka in tsami ya ƙaru) da asuba 7.8. Ina so in fara sa ruwan kalk, wato ruwan da ake damawa da wani farin gari don mayar wa tanki kalshiyam da KH, amma garin da ake kawowa daga waje tsadarsa da kuɗin dakonsa sun fi ƙarfina a yanzu. Wani abokina ya ce ai farar ƙasa ce kawai aka zuba a kwalba mai kyau. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, me zan saya, kuma nawa zan zuba a jarka?

Bashir K.: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba sosai. Je wurin masu walda da gas, ka ga farin tsakin nan da suke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki, shi ne dai kalk ɗin. Kyauta ma za su ba ka buhu guda.

Hajiya Rabi Abuja: Bashir, don girman Allah kada ka sa yaron nan ya kashe dabbobinsa. Sadiq, kada ka taɓa. Jira Malam Habu ya shigo.

Malam Habu Zariya: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya barka da yamma. Bashir, rabin maganarka daidai ce, ɗaya rabin kuma shi ne mai haɗarin. Idan kabaid ya haɗu da ruwa yana fitar da gas ɗin da ake walda da shi, abin da ya rage a ƙasa kuwa kalshiyam haidiroksaid ne, wato kalk. Amma kabaid ɗin kasuwa ba tsarkakakke ba ne. Warin nan mai kama da tafarnuwa da kake ji a garejin masu walda daga dattin da ke cikinsa yake fitowa, akwai sinadaran sulfa da fosfaras a ciki. Ga tsatsar tukunyar, ga baƙin mai, ga ƙasar da aka zubar da shi a kai. Murjani dabba ce da ɗan jan ƙarfe kaɗan a ruwa yake kashewa. Ban ga dalilin da mutum zai kashe kuɗi ya tace ruwansa har TDS, wato ma'aunin abin da ya narke a ruwa, ya koma sifili ba, sannan ya kwaso wannan ya zuba a ciki.

Farar ƙasa kuma suna ɗaya ne da ake kiran abubuwa uku da shi a kasuwa. Wata yumɓu ce fara, wata garin dutsen alli ce, wata ce ainihin laim ɗin da aka ƙona aka jiƙa. Biyun farko ba za su yi maka komai ba, domin dutsen alli ba ya narkewa a ruwan da pH ɗinsa ya kai 8. Ta ukun ita ce kalk, amma an yi ta ne don shafen bango, babu wanda ya damu da abin da ya gauraya da ita.

Abin da za ka nema shi ne kalshiyam haidiroksaid na abinci, lambarsa E526, ko na ɗakin gwaji. Masu sayar wa makarantu kayan gwaje-gwajen kimiyya suna da shi. Ka duba jikin robar a rubuce, kuma a rufe take ba a fasa ba. Rabin kilo zai kai ka kusan shekara a tanki irin naka.

Bashir K.: Na karɓi gyara Malam. Ni dai na ji ana cewa dattin yana kwantawa a ƙasan jarka ne, ba ya shiga ruwan.

Malam Habu Zariya: Akwai gaskiya a nan ma. Ruwan kalk pH ɗinsa ya haura 12, kuma a wannan matakin ƙarafa irin su jan ƙarfe suna daskarewa su faɗa cikin gwiɓa, fosfet ma haka. Shi ya sa muke cewa a bar shi ya kwanta a ɗebi na sama. Amma wannan kariya ce ga ɗan dattin da ya kuɓuce a gari mai kyau. Ba ka san me ke cikin tsakin gareji ba, balle ka san wanne zai kwanta wanne zai narke.

Lawali Sakkwato: Malam, tambaya biyu gare ni. Mu nan ga dutsen Kalambaina da ake siminti da shi, har ƙwaryar halittun teku ake gani a jikinsa, tunda yankin can da teku ne. Ba a iya niƙa shi a yi amfani da shi? Ta biyu, kanwa fa? Na ga tana tada pH.

Malam Habu Zariya: Malam Lawali, dutsen Kalambaina kalshiyam kabonet ne, abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi ke nan. Wato shi ne ƙarshen tafiyar. In ka niƙa ka zuba, zai kwanta kamar yashi. Sai an ƙona shi a wuta mai tsananin zafi, wajen digiri 900, ya koma ɗanyen laim, sannan a jiƙa shi ya zama kalk. Ɗanyen laim ɗin nan ma wasu na amfani da shi, amma ban ba sabon shiga shawara ba, don da ya taɓa ruwa yake ɗaukar zafi har ya yi tsartuwa.

Kanwa kuwa sodiyam ce, babu kalshiyam ɗin kirki a cikinta. Za ta tada KH ta bar kalshiyam a baya, ga ƙasa da gishirin da ke haɗe da ita. In KH kaɗai ake son tadawa, bekin soda na girki ya fi ta tsabta nesa ba kusa ba.

Injiniya Musa Jidda: Salam. Ƙari kan maganar Malam, ga gwajin da nake yi duk lokacin da na sayi sabon gari. Ka ɗebi kan cokali ka zuba a ruwan khal fari. Kalk mai kyau zai narke shiru, ko ya ɗan yi kumfa kaɗan. In ka ga yana tafasa kamar an buɗe lemon kwalba, to alli aka sayar maka, ko kuma kalk ne da ya sha iska ya mutu. A nan shagunan Indiyawa suna sayar da wani da suke kira chuna, wanda suke shafawa a ganyen da suke taunawa. Shi ma kalk ne, amma wani ana sa masa ƙamshi ko launi, sai an karanta jikin robar. Ni dai na kamfanin Seachem nake saya tunda yana samuwa a kusa da ni, amma sinadarin ɗaya ne da wanda Malam ya faɗa.

Sadiq Kano: Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan shiga wurin masu kayan gwaji. To awon fa? A bidiyoyi ina jin cokalin shayi biyu a galan.

Malam Habu Zariya: Galan ɗin Amurka suke nufi, lita 3.8. Ka bar cokali, kowane gida da girman nasa. Nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Lita ɗaya ta ruwa ba ta narkar da abin da ya wuce giram ɗaya da rabi zuwa 1.7, kuma abin mamakin kalk shi ne, yadda ruwa ya ƙara zafi haka narkewarsa ke raguwa, saɓanin sukari. Don haka a zafin Kano ka riƙe giram 15 a jarka mai lita 10. Ko ka zuba giram 50 ruwan ba zai ƙara ƙarfi ba, ragowar ƙasa zai kwanta.

Ruwan da ka tace da na'urar RO za ka yi amfani da shi. Ban da na burtsatse, ban da na leda. Kuma kada ka kuskura ka dama shi da ruwan gishirin tankin, nan take magnisiyam zai daskare ya koma fari fat, ka yi asarar duka biyun. Zuba ruwan, zuba garin, rufe jarkar, girgiza kamar minti ɗaya, ka ajiye ta kwana. Da safe za ka ga abu uku: gwiɓa fara a ƙasa, ruwa garau a tsakiya, da wata yana siririya a sama mai karyewa kamar ƙanƙara. Na tsakiyan kake so. Yanar iskar numfashi ce ta haɗu da kalk ta koma alli. Waɗanda suka yi kimiyya a sakandare za su tuna gwajin da ake hura iska ta tsinke a ruwan laim ya koma kamar madara, to shi ne dai. Saboda haka jarka a rufe, kada a sa mata dutsen kumfa mai hura iska a ruwa, kada a yi ta buɗewa ana motsawa.

Kabiru Legas: Sadiq, kada a wahalar da kai. Ka zuba shi a robar da na'urar cike gurbi ke jan ruwa, duk abin da ya ƙafe daga tankin ta mayar da kalk. Shekara uku ke nan haka nake yi, ban taɓa samun matsala ba.

Hajiya Rabi Abuja: Kabiru ƙanena, a nan ne zan saɓa maka, kuma ba da ka nake magana ba, a gidana abin ya faru. Ni ma haka na fara, a damina. Tankina lita 450, a lokacin yana shan kamar lita uku a rana, komai lafiya, gansakukar nan mai ruwan hoda ta rufe duwatsu har baƙi na tambaya ko fenti na yi. Da hunturu ya shigo iska ta bushe, tankin ya koma shan lita takwas, wani lokacin tara. Ni ban kawo komai a raina ba, na ga dai jarka na saurin ƙarewa ina ta sake damawa. KH ya haura 12 ban sani ba, don na yi sakaci da awo. Rannan na tashi sallar asuba na kunna fitilar falo, na ga tankin fari kamar an zuba masa nono, ko dutsen gaba ba a gani. pH 8.7. Famfon da ke mayar da ruwa yana ta ƙara, da na ciro shi farin ɓawo ya kama farfelarsa kamar tukunyar shayin da aka shekara ba a kankare ba. Kifayen sun tsira, amma murjanin Acropora guda biyu da na raina tun suna kamar ɗan yatsa, cikin kwana uku naman ya saɓule daga ƙasa ya bar farin ƙashi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Kai a Legas iskarku da laima take kusan duk shekara, abin da ke ƙafewa bai cika sauyawa sosai ba. Sadiq yana Kano. Can hunturu sai leɓe ya tsage, bazara kuma dole ya kafa wa tankin fanka don ya huce, fanka kuwa ƙafar da ruwa take yi. Murjani ba ya ƙara cin kalshiyam don an shiga hunturu. Me zai sa a ɗaura abincinsa a kan yanayin gari?

Kabiru Legas: Hajiya Allah ya mayar da alheri. Amma ai ana iya rage ƙarfin garin in hunturu ya zo, a zuba rabi ko kwata. Ba kowa ke da kuɗin famfon awo, mai zuba ƙayyadadden ruwa kullum, ba.

Hajiya Rabi Abuja: Ana iyawa, in mutum zai tsaya yana awo duk kwana biyu. Matsalar ita ce hunturu ba ya sallama kafin ya shigo. Yau lita biyu, jibi huɗu.

Malam Habu Zariya: Ku bari mu yi lissafin da alƙaluman Sadiq, shi zai raba gardamar. Ruwan kalk da ya ƙoshi yana ɗauke da kalshiyam wajen 800 a ma'aunin da muke amfani da shi, KH ɗinsa kuma wajen 114. Ma'ana, in ka zuba kashi ɗaya cikin ɗari na girman tankinka, KH zai tashi da kamar 1.1. Tankin Sadiq ya sauka daga 8.4 zuwa 6.6 a kwana uku, wato 0.6 yake ci a rana. A lita 200, lita ɗaya ta kalk a rana ta biya wannan. Sadiq, lita nawa ke ƙafewa yanzu?

Sadiq Kano: Satin nan kusan lita huɗu kullum Malam. A watan Agusta ɗaya da rabi ne.

Malam Habu Zariya: To ka gani. In ka bi hanyar Kabiru da cikakken ƙarfi, lita huɗu za ta ba ka KH 2.3 a rana, kusan ninki huɗu na abin da murjaninka ke ci. Sati ba zai cika ba za ka ga abin da Hajiya ta gani. Ko a Agusta ma ya ɗan yi yawa. Hanyar Kabiru tana aiki ne in an yi dace ƙafewar ta yi daidai da ci, shi kuma ya yi wannan dacen. Ni ra'ayina a raba su: kalk lita ɗaya ƙayyadajjiya kullum, sauran gurbin a cike da tataccen ruwa zalla.

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da robar ƙarin ruwa ta asibiti nake ɗiga nawa, sabuwa daga kyamis. Tana da ɗan tayan da ake murzawa a rage gudu. Irin wadda ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya, in ka saita ta ɗigo biyu a kowane daƙiƙa uku, lita ɗaya za ta ɗauki wajen awa takwas. Ka huda gorar sama da gindinta da kamar yatsa biyu don kada ta ja gwiɓa. Bakin robar yana toshewa da alli, duk sati sai a jiƙa shi a khal.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Garin nan in ya shiga ido ya fi asid ɓarna, domin ci yake yi yana shiga ciki. A sa tabarau da safar hannu, kada a dama a gaban fanka. In tsautsayi ya faru a tara idon a ruwa mai gudu na aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti ko da zafin ya lafa. Kuma sabon damu kamarsa ɗaya da kunun gyada ko nono. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha a gidan da ke da yara. In yaro ya sha kada a sa shi amai, a kai shi asibiti da gaggawa.

Injiniya Musa Jidda: Maman Hanif ta yi magana mai muhimmanci. Gyara ɗaya zan yi kan robar ɗigo, musamman ga ku da ke gida. Ita ba ta san an ɗauke wuta ba. Famfo ya tsaya, ruwan tankin ƙasa ya tsaya cak, ita kuma tana ta ɗiga har lita ta ƙare a cikin ɗan ruwan da bai fi lita 30 ba. Wuta na dawowa famfo ya kwashi wannan ya watsa wa murjani gaba ɗaya. In famfonka ba ya kan inbata, ko dai ka ɗiga lokacin da kake farke, ko ka sayi ƙaramin famfon awo ka jona shi a layi ɗaya da babban famfon, in ɗaya ya mutu ɗayan ma ya mutu. Kuma a ɗiga inda ruwa ke gudu sosai, nesa da bakin famfo.

Maman Hanif: Gaskiya ne Injiniya, nawa a kan sola yake shi ya sa ban kawo wannan ba.

Sadiq Kano: Famfona na kan inbata, Alhamdulillah. Da dare zan sa ko da rana? Sannan na ji ana ƙara khal a cikin damun, shi ma in sa?

Hajiya Rabi Abuja: Da dare, bayan ka kashe fitila. Da rana algar da ke jikin murjani tana shan iskar kabon, pH na hawa da kansa. Da dare ta daina, pH ya yi ƙasa, shi ya sa kake ganin 7.8 da asuba. Kalk ya zo a daidai lokacin da ake buƙatarsa. In ɗakin a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki da mutane da yawa, ka riƙa buɗe taga, shi ma yana taimakon pH.

Kabiru Legas: Khal ni ina sawa, kamar mililita 12 a lita. Yana sa ƙarin gari ya narke.

Malam Habu Zariya: Kai ka sa ne don ƙafewarka kaɗan ce kuma tankinka ya cika da murjani masu ƙashi, kana neman ƙarin ƙarfi a ɗan ruwa. Sadiq gurbi ya yi masa yawa, lita ɗaya yake buƙata cikin huɗu. Khal kuma abincin ƙwayoyin cuta ne a tanki, in ya yi yawa ruwa ya yi hazo, iskar shaƙa ta ragu da dare. Ka ajiye kwalbar dai a kusa don ranar tsautsayi: in pH ya haura 8.6, mililita ɗaya a kowace lita huɗu ta ruwan tankin tana sauko da shi da kamar 0.3. A zuba rabi, a jira, a auna. Farin hazon kansa a bar shi, zai kwanta.

Abu na ƙarshe, kada ka ce da kalk za ka ɗago KH daga 6.6 zuwa 8 a dare ɗaya, pH zai yi tsalle. Ɗago shi da bekin soda a hankali cikin kwana uku, sannan kalk ya riƙe maka shi. Sati na farko ka fara da rabin lita, kana auna KH kullum a lokaci guda.

Sadiq Kano: Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana 12. Na samu na ɗakin gwaji, na yi gwajin Injiniya, ɗan kumfa kaɗan ya yi. Na ɗago KH zuwa 8.2 da bekin soda. Rabin lita bai riƙe shi ba, na koma lita ɗaya, kwana shida ke nan yana tsakanin 8.1 da 8.3. pH da asuba 8.0. Bakin Montipora ya fito da sabon fari siriri, alamar girma. Abin da ban gane ba, kalshiyam yana nan 390 bai motsa ba. Na kuma sayi abin auna magnisiyam, ya nuna 1170.

Malam Habu Zariya: Madalla. Kalshiyam ba zai motsa ba, kuma haka ake so. Murjani yana cin wajen 7 na kalshiyam a kan kowane KH ɗaya, kalk kuma daidai wannan rabon yake mayarwa, ba ƙari ba ragi. 390 ba laifi. In kana son 420 irin na teku, kalshiyam kuloraid za ka sa sau ɗaya. Amma magnisiyam ɗin ka fara gyarawa, kalk ba shi da shi ko kaɗan, kuma in ya yi ƙasa alli ya fi saurin kama famfo. Kai shi tsakanin 1250 da 1350, kada ka ƙara fiye da 50 a rana. Ka duba yawan gishirin ruwanka tukuna, in ma'aunin bai kai 1.025 ba wataƙila daga nan ƙarancin yake.

Sadiq Kano: Yanzu na duba Malam, 1.023 ne. Zan fara da gishirin a canjin ruwan Asabar, in sake auna magnisiyam ranar Lahadi in turo.